Abin da Muryar Ta Faɗa

A Valparaíso gidaje sun hau kan juna
kamar awaki a gindin dutse ranar ruwa.
Can saman tudu, inda matakala ke ƙure numfashi,
Rayén ta kwana uku tana gina fom
na ƙungiyar masunta masu sayar da kamun asuba.

Ta gama. Ya yi kyau, kyan ɗan maciji.
Shuɗi irin na teku, layuka sun miƙe samɓal,
kowane gurbi da rubutu a gefensa,
jan maɓalli a ƙasa kamar tumatir a faranti.

Sai ta kai wa Eleodoro,
tsohon kukun jirgin ruwa
da ciwon suga ya cinye wa ido, shekara tara ke nan.
Shi da kunne yake karatu.
Akwai wata murya a kwamfutarsa, mai sauri, ba ta gajiya,
ba ta san shuɗi ba, ba ta san ja ba,
sunan da aka raɗa wa abu, shi take kira.

Ya danna. Muryar ta ce: gurbi.
Ya danna. Gurbi.
Ya sake. Gurbi, gurbi, babu suna.
Ya ce, Yarinya, wanne ne na sunana?
Wanne na lambar waya, wanne na kilo?
Kin tura ni ɗaki mai ƙofa bakwai
kin ce in nemi ta fita.

Maɓallin kuwa, tsallake shi muryar ta yi
kamar mai tsallake kwata,
don akwati ne aka shafa wa jan fenti,
ba a taɓa gaya masa shi maɓalli ba ne.

Rayén ta yi shiru. Shayinta ya huce.
Ashe rubutun da ta ajiye kusa da gurbi
maƙwabtaka ce kawai,
ido ne ya haɗa su, babu igiya a tsakani.

Ya ce, Jawo kujera. Kin iya miyar kifi?
Albasa, dankali, tafarnuwa, kan kifi, gishiri:
zuba su a kwando yadda kika ga dama,
ko gishiri ya riga albasa, ba wanda zai kai ƙara.
Jeri ne, amma ba shi da wa, ba shi da ƙane.
Girki fa? Soya albasa tukuna.
Sannan ruwa. Kifi a ƙarshe.
In kika fara da shi, kin dama kunu.
Wannan jerin da lamba yake tafiya,
na biyu ba ya shan gaban na ɗaya.
Shekara talatin ina ciyar da matuƙa,
ban taɓa rubuta barkono a gwangwanin sukari ba.

Daren nan ba ta taɓa launi ba.
Ƙarƙashin fenti ta shiga, inda ido ba ya zuwa.
Ta ɗaure kowane laƙabi da gurbinsa.
Hanyoyin biya uku ta tara a shinge guda,
ta rataya musu take a ƙofa.
Sunayen kifi, jeri marar lamba.
Matakan oda, ɗaya, biyu, uku.
Ta fasa akwatin nan ja, ta dasa maɓalli na gaske.
Jiragen ƙasan tudu suna ta kuka a hazo.

Da safe ɗan'uwanta ya leƙa allon,
ya ce, Me kika canja? Jiya ma haka yake.
Ba ta tanka ba. Ta ɗauki jaka ta hau matakala.

Eleodoro ya danna.
Jeri, abu biyar, in ji muryar.
Suna, gurbi. Lambar waya, gurbi.
Kilo nawa, gurbi.
Ya rubuta biyu. Aika, maɓalli.

Ya jingina da kujera, ya lalubo kofinsa.
Ya ce, To, yanzu na ji komai.
Har farashin na ji.
Je ki gaya wa masuntan nan su ji tsoron Allah.